Yadda za a kula da mai ciwon ƙaba, tun daga gida har ya koma gona

Ƙaba ba ta jin magani, wannan nake so mu fara ajiyewa kafin mu shiga maganar jinya. Jiƙo ba ya mayar da ita, ƙwayar kemis ba ta mayar da ita, allura ma haka, saboda ba wata ƙwayar cuta ce ta shiga jiki ba balle a ce za a kashe ta. Ɓula ce ta samu a naman da ya tokare cikin mutum, shi ne hanji ko kitsen da ya lulluɓe hanji yake samun hanya ya leƙo ƙarƙashin fata. Kamar buhun gero ne da ɗinkinsa ya saki ta gefe, duk sanda aka danna sai hatsi ya turo ta wurin, kuma ba abin da zai tsayar da shi sai an ɗinke. Ni aikina jinya ne a nan karkarar Jigawa, kuma wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne aikin ƙaba bai taka kara ya karya ba idan an zo da wuri, a duniya ana yin sama da miliyan 20 duk shekara, amma a wajenmu sai mutum ya zauna da ita shekara da shekaru saboda kunya da tsoron wuƙa da rashin abin hannu, sai ranar da hanji ya shaƙe a kwaso shi tsakar dare ana salati.

Gane ta ba wuya. Kumburi ne da yake fitowa idan mutum ya miƙe tsaye ko ya yi tari ko ya ɗaga kaya ko ya yi yunƙurin bayan gida, idan ya kwanta rigingine sai ya koma da kansa ko da ɗan turawa kaɗan, wani lokacin har ka ji ƙugi yayin da yake komawa. Ka sa tafin hannu a wurin ka ce ya yi tari, za ka ji abu ya bugo hannunka. Wadda ta fi yawa ita ce ta matsematsi, wajen kashi 75 cikin 100 na duk ƙabar ciki ita ce, kuma maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba, a lissafin likitoci namiji 27 cikin 100 zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa 3 cikin 100. Ita ce idan ta daɗe take gangarowa cikin maraina har mutum ya koma sa babbar riga ko a gona. Akwai ta cibiya, a jarirai da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Akwai ƙarama da take fitowa tsakanin cibiya da ƙahon zuciya. Akwai wadda take fitowa a kan tabon tsohuwar tiyata, misali matar da aka yi wa aikin ciro ɗa ko wanda taifod ta huda wa hanji aka buɗe shi. Sannan akwai wata ƴar ƙarama da take fitowa can ƙasa a saman cinya, ta fi kama mata musamman masu shekaru, kuma ita na fi tsoro, don ƙofarta matsattsiya ce, saurin shaƙe hanji gare ta. Shi ya sa mace idan ta ga kumburi a matsematsinta, komai ƙanƙantarsa, ko ba ya ciwo, kada ta ce bari ta gani, ta je a duba.

Ba kowane kumburin maraina ba ne hanji. Wani ruwa ne ya taru, shi ba ya komawa idan an kwanta, ba ya motsi da tari, idan aka haska shi da tocila a ɗaki mai duhu sai ka ga haske ya ratsa. Shi ma aikinsa tiyata ne amma hatsarinsa daban. Dan Allah kada a bari wanzami ya huda ko ya yi sakiya a kan kowane irin kumburi a wannan wurin, don idan hanji ne a ciki aka tsaga shi, kashi zai tsiyaya inda bai kamata ba, kuma daga nan sai dai addu'a. Rabe su aikin likita ne, yawanci da hannu ma yake ganewa, sikanin sai idan abin ya rikice.

Zaman jira kafin a yi aiki

Da yawa ba za su iya yin aiki yau-yau ba, na sani, kuma namijin da ƙabarsa ƙarama ce, tana komawa, ba ta damunsa, likita zai iya cewa a ɗan saurara ana lura da ita. Amma likita ne zai faɗa bayan ya duba, ba majalisar ƙofar gida ba. A wannan zaman jiran aikin mai jinya shi ne ya rage duk abin da yake matsa wa ciki lamba. Tari na farko. Tarin da ya kai sati 2 a kai shi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati da suke da sashen, kuma babu amfanin a ɗinke mutum yana ta tari dare da rana. Mai shan sigari ya ajiye, aƙalla sati 4 kafin ranar aiki, don taba tana hana ciwo haɗewa ban da tarin da take jawowa. Na biyu taurin bayan gida, a yawaita ruwa, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, wake, gwanda, lemo, duk muna da su a kusa. Na uku, dattijon da yake daɗewa a tsugune yana yunƙurin fitsari yana fita kaɗan-kaɗan, a gaya wa likita wannan ma, don sau tari kumburin furostet irin na tsufa, wato ƙullutun da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ne yake tura ƙabar, idan ba a kula da shi ba za a gyara ta ta dawo.

Sai ɗaukar kaya. Ba na cewa manomi ya daina noma, da me zai ci? Amma ciccibar buhu mai kilo 100 shi kaɗai, da jan guga cike a rijiya mai zurfi, da tura amalanke a yashi, wannan a bar wa yara. In ya zama dole ya ɗaga abu ya durƙusa da gwiwa ya rungumo shi kusa da jiki, kada ya sunkuya daga tsaye yana riƙe numfashi. Bel ɗin da ake sayarwa a kasuwa ko rawanin da wasu suke tamke mara da shi ba ya warkarwa, iyakarsa ya ɗan riƙe, kuma idan aka ɗaure shi a kan hanjin da bai koma ba ɓarna yake ƙarawa.

Shawarata ga mutanenmu kullum ita ce a tsara aikin nan da kaka. An girbe, an sayar da riɗi ko gyaɗa ko wake, kuɗi ya ɗan shigo hannu, aikin gona ya lafa, akwai watanni kafin sharar gona da huɗa. Wanda aka yi wa aiki bayan girbi in sha Allahu kafin ruwa ya sauka ya warke sarai ya kama garmarsa. Mai noman rani kuma shi ya duba nasa lissafin, ya nemi tsakanin da zai samu kamar sati 6 ba aikin ƙarfi. Abin da bai kamata ba shi ne a ce sai baɗi, baɗi ta zo a ce sai an aurar da yarinya, ƙofar kuwa ƙara faɗi take yi, aikin yana ƙara wuya, kuɗin yana ƙara yawa. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin su Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim, ko ta ɓangaren Kano su Wudil, Rano, Gwarzo, Bichi, Dambatta, nan ne za a fara zuwa a tambaya, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura Birnin Kudu ko Dutse ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wanda yake cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, JICHMA a Jigawa ko KSCHMA a Kano, ya tafi da katinsa ya tambayi abin da tsarin zai ɗauke masa.

Ranar da ba a jira

Nan nake so a nutsu, don nan ake rasa rai. Idan kumburin da ya saba komawa ya ƙi komawa, ya yi tauri, ciwo ya tsananta ba sassauci, taɓa shi ma ba ya yiwuwa, fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, mutum ya fara amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba ko tusa, to hanji ya maƙale a ƙofar kuma jini ya daina isa gare shi. Hanjin da jini bai isa gare shi ba cikin kamar awa 6 zai iya fara mutuwa. Ba sai alamomin sun cika duka ba, ƙin komawa da ciwo mai tsanani kaɗai sun isa a nemi mota.

Abin da za a yi a gida kaɗan ne. A kwantar da shi rigingine a ɗan ɗaga ƙugunsa da filo, idan yanzu-yanzu abin ya faru shi da kansa ya gwada mayarwa a hankali yadda ya saba, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya ƙi, shi ke nan a bari. Kada wani ƙato ya zo ya danna da ƙarfin tsiya, don ana iya fasa hanjin ko a tura mataccen hanji cikin ciki. Kada a ba shi komai ta baki, ba kunu, ba ruwa, ba rubutu, ba jiƙo, ba maganin wankin ciki, don tiyata za a shiga da shi kuma ana so cikinsa ya zama ba komai. Kada a tsaya kemis a yi masa allurar kashe ciwo a dawo gida a ce ya samu sauƙi, allurar ciwon ta rufe kawai, hanjin yana can yana ruɓewa. Kai ko ba allura ma, idan ciwo mai tsanani ya lafa haka kawai alhali kumburin yana nan da taurinsa, wannan ba sauƙi ba ne, a ƙara sauri. Kuma a wuce kai tsaye asibitin da ake tiyata, ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ba abin da zai iya sai dai ya rubuta takardar turawa. A tafi da kuɗin da ya samu, da katin asibiti, da ƴan uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini, da wanda zai iya sa hannu a takarda.

Na taɓa karɓar wani dattijo da ƴaƴansa suka kawo da asuba a bayan a-kori-kura, an shimfiɗa masa tabarma a kan buhunan dusa, gumi ya jiƙe masa riga, leɓensa ya bushe, yana riƙe da mara da hannu biyu. Na ce, "Baba, tun yaushe ta ƙi komawa?" Ya ce, "Ɗana, tun la'asar ɗin jiya a gona, na ce bari in kwana in gani, ai ta saba yi min haka." Babban ɗansa ya sunkuyar da kai ya ce wallahi su ba su ma san Baba yana da ita ba sai daren nan, shekaru yana ɓoyewa. Aka ɗaura masa ruwa, aka sa masa robar hanci ta zuƙe abin da ya taru a ciki, aka sa ta fitsari, muka tura shi gaba. Ya rayu alhamdu lillahi, amma sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa, ya daɗe a kwance, kuɗin da aka kashe kuwa sai da saniya ta tafi. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu maza, ko mutum ɗaya ne a gidan, uwargida ko babban ɗa ko amini, a sanar da shi akwai wannan lalurar, don ranar da ta tashi wani ya san me ake ciki.

Shirin shiga tiyata

Idan an sa rana, za a yi gwajin jini, a auna hawan jini da suga. A gaya wa likita komai tsakani da Allah, maganin hawan jini, na suga, asfirin ko wani maganin tsinka jini, sikila, asma, farfaɗiya, maganin da ya taɓa yi wa mutum illa, har da na gargajiya da ake sha, da tiramol idan ana sha, ba don a kunyata kowa ba sai don mai allurar barci ya san da wa yake aiki. Shi zai faɗi wanda za a sha da safen ranar da wanda za a dakatar, kada mutum ya yanke wa kansa. Abinci ana tsayar da shi awa 6 kafin aiki, farin ruwa zalla awa 2, amma idan asibitin sun ce daga sha biyun dare kada a ci komai to a bi nasu. Kunu da koko da shayi mai madara duk abinci ne, na ga wanda aka ɗage wa aiki saboda Inna ta tausaya masa ta ba shi koko da asuba. A yi wanka da sabulu, amma kada a aske gashin mara da reza a gida, ƙananan yankan da reza take bari ƙofar ƙwayoyin cuta ne, a bar ma'aikata su rage shi a can.

Yawanci ba a ma sa mutum barci gaba ɗaya, allurar baya ake yi ta kashe daga cibiya zuwa ƙasa, wani lokacin ma wurin kawai ake kashewa, yana ji yana gani ana hira da shi. Likita zai mayar da hanjin, ya gyara ƙofar, ko da ɗinki zalla ko ya shimfiɗa wata raga ta musamman da nama yake kamawa ya ƙara ƙarfi. Hanyar ɗinkin tun wajen 1887 wani likitan Italiya mai suna Bassini ya fito da ita, ta raga kuma ta yaɗu daga shekarun 1980, kuma an tabbatar da ragar tana rage dawowar ciwon a manya. Wasu suna jin an ce raga sai su tsorata, su ce za ta ruɓe ko za a sake buɗewa a cire, a'a, zama take yi har ƙarshen rayuwa. Tsoron da ba a faɗa a fili kuma shi ne na iyali, ana raɗe-raɗin wai wanda aka yi wa aikin ƙaba ya gama haihuwa. Ba haka ba ne, ba a cire komai na mazakuta, hasali ma katuwar ƙaba ita ce take takura wa mutum a shimfiɗarsa. Kowace tiyata tana da nata hatsari, wannan gaskiya ne, mutum ya tambayi likitansa kai tsaye kafin ya sa hannu, haƙƙinsa ne.

Bayan an fito da shi

Ƙafafu za su yi nauyi na wasu awanni saboda allurar baya, kada ya yi gigin sauka daga gado shi kaɗai. Mai jinya ya sa ido a kan abu uku a ranar farko, bandeji ko jini yana jiƙa shi, fitsari, da amai. Fitsarin nan a kula da shi sosai musamman ga dattawa, idan awa 6 zuwa 8 ta wuce bai yi ba, mara ta cika tana ciwo, a kira nas, kada a yi ta ɗura masa ruwa ana cewa zai zo. Ciwon kai mai tsanani da yake tashi idan ya zauna ya lafa idan ya kwanta, shi ma a faɗa, daga allurar bayan ne kuma akwai abin da ake yi. Ci da sha sai nas ta ba da izini, a fara da ruwa sannan kunu. Da zarar ƙafa ta dawo, a kama shi ya taka, ko zuwa bakin ƙofa ne ya dawo. Mutanenmu suna ganin gata shi ne a hana mara lafiya motsi, alhali kwanciyar nan ita take kawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon ƙirji da taurin ciki. Wanda aikinsa bai zo da matsala ba, ranar ko washegari ake sallamarsa.

Ku koya masa dabara biyu tun a asibiti. Idan zai yi tari ko atishawa ko dariya, ya dafe wurin da tafin hannu ko ya rungume filo ko naɗaɗɗen zane. Idan zai tashi daga kwance kada ya yunƙuro kai tsaye, ya mirgina gefe, ya sauko da ƙafafu, ya dogara da hannu. Wanda a tabarma ko katifar ƙasa yake kwana, a samo masa gado ko a ɗaga shimfiɗar na kwanakin farko, tashi daga ƙasa shi ya fi wahalar da su.

A gida, ciwon yana son abu biyu, tsafta da bushewa. Awa 48 na farko kada ruwa ya taɓa shi, bayan nan a bi abin da aka faɗa a asibiti game da wanka, a riƙa tsane wurin da tsumma mai tsabta ba gogewa ba. Duk wanda zai taɓa bandeji ya wanke hannu da sabulu. Kada a barbaɗa komai, ba toka, ba garin magani, ba man shanu, ba man zafi, ba kafso da ake fasawa a zazzage a kai, kuma ba gashi da ruwan zafi. Idan zaren irin wanda ake cirewa ne, yawanci kwana 7 zuwa 10 ake komawa, a je ranar da aka rubuta ko da an ga ya warke, kada a ba wani ya tsinke shi da reza. Maraina su ɗan kumbura ko su yi duhu bayan aikin matsematsi ba abin tashin hankali ba ne, ɗan kamfai mai ɗan kamawa yana taimakawa fiye da sakakken wando, kuma taurin da ake ji a ƙarƙashin ɗinkin kamar igiya nama ne yake haɗewa, zai saki a hankali. Abin da zai sa a koma asibiti ba jiran ranar alƙawari shi ne zazzaɓi, ja da zafi suna yaɗuwa a gefen ciwon, mugunya ko ruwa mai wari, ɗinki ya buɗe, jini ya ƙi tsayawa, kumburi yana ƙaruwa da sauri, amai da kumburin ciki, kasa fitsari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya.

Maganin ciwo a sha yadda aka rubuta, jarumta ba ta da amfani a nan don wanda yake jin zafi ba ya tafiya ba ya tari yadda ya kamata. Farasitamol ga babba ƙwaya 2 ne masu miligiram 500, kada a wuce sau 4 a kwana ɗaya. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya sha su diklofenak da ibuprofen sai da sanin likita. Tiramol da kodin suna ɗaure ciki, ga kuma kama mutum da suke yi, kada a ƙaro su a kemis bayan na asibiti ya ƙare. Maganar abinci kuma, akwai camfin da yake cutar da mutane, wai ƙwai da nama da madara da gyaɗa suna sa ciwo ya yi mugunya, sai a bar mutum da farin kunu kawai. Wallahi akasin haka ne, da waɗannan jiki yake gina sabon nama. A ba shi ƙwai, wake, kifi, nono, awara, ganye, da ruwa isasshe. Mai suga kuma ya riƙe sugansa da kyau, don shi ne babban mai hana ciwo warkewa. Masai na tsuguno ba haramun ba ne gare shi, amma a kafa masa abin dafawa ko a samo kujera mai huda na kwanakin farko, kuma kada ya yi yunƙuri, idan kwana 2 zuwa 3 ba bayan gida a nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

Sallah ya yi a zaune idan ruku'u da sujada suna ja masa ɗinki, addini ya ba da wannan sauƙin, haka azumi idan aikin ya faɗo cikinsa ya tambayi likita da malaminsa. Yawo a tsakar gida da zuwa masallacin unguwa tun satin farko yana da kyau. Tuƙa babur a hanyoyinmu masu gargada a ɗan jinkirta sai ya ji zai iya taka burki da tokare ƙafa ba tare da zafi ba. Kusantar iyali idan zafi ya tafi, galibi bayan kamar sati 2. Aikin ƙarfi irin huɗa, sassabe, faskare, dako, jan ruwa, yawancin likitocinmu sati 4 zuwa 6 suke cewa, wanda aka yi wa babban aiki ko aka yanke wa hanji ya fi haka, kuma a koma a hankali ba rana ɗaya a ɗauki garma tun safe har azahar ba. Mata a nan ake zaluntarsu ba da niyya ba, mace ta dawo daga tiyatar cibiya kwana kaɗan ka gan ta a bakin turmi ko da tulu a ka ko da goyo, don ba mai yi mata. Maigida, wannan nauyinka ne, ka nemo ƙanwarta ko abokiyar zamanta ko wata ƴar uwa ta karɓi daka da ɗiban ruwa har lokacin ya cika. Wasu, kamar mutum 1 cikin 10, suna jin wani zafi-zafi ko dindiris a wurin har bayan wata 3, idan haka ta faru a koma a faɗa, akwai taimakon da ake yi. Ƙaba tana iya dawowa ko ta fito a ɗaya gefen, duk sabon kumburi a kai a duba tun yana ƙarami.

Yara nasu daban ne

Jaririn da cibiyarsa take turowa idan yana kuka, yawancinsu tana rufewa da kanta kafin shekara 4 zuwa 5, ba ta buƙatar komai. Kada a ɗaura kwabo ko dutse ko a tamke ta da filasta ko tsumma, ba ya sa ta rufe, sai dai ya saɓule fata ya kawo gyambo, kuma kada a yi mata tsaga. Idan ta wuce wannan shekarun ba ta rufe ba, ko tana da girma sosai, a kai a duba. Amma kumburin matsematsi ko na maraina a jariri, wanda yake fitowa ya koma, wannan ba ya rufewa da kansa kuma ya fi saurin shaƙewa a ƴan watannin farko, musamman bakwaini, don haka ba a jira ya girma, da an gani a kai shi a sa ranar aiki. Su yara ba a sa musu raga, ƴar jakar da hanjin yake faɗawa ciki ake ɗaurewa kawai. Uwa ta lura, jaririn da ya ƙi karɓar nono, yana tsala kuka ba ƙaƙƙautawa, yana amai musamman kore, ta buɗe nafkin ta duba matsematsinsa da cibiyarsa, idan ta ga kumburi mai tauri da ya ƙi komawa kada ta ƙara ba shi komai, kada ta jira gari ya waye ko maigida ya dawo daga kasuwa, ta kira wanda yake kusa su kama hanyar babban asibiti.